A Bar Yara Su Je Kallon Hawa, Amma A Koya Musu Shiga Taro

Ina gode wa Malam Edita da ya ba ni wannan fili a mujallar makarantarmu, don in faɗi ra'ayina a kan wata gardama da ke tashi a gidajenmu kowace shekara. Da zarar azumi ya shiga goman ƙarshe, an kai ɗinki wurin tela, sai ka ji yara sun fara maganar zuwa Katsina kallon hawan Salla. Iyaye kuwa su ce ba inda za a je, taro ya yi yawa, za a tattake mutum a banza. Yaro ya yi ta kumbure-kumbure, uba ya yi ta faɗa, ƙarshenta ko dai a hana yaron ya wuni yana fushi ran Salla, ko kuwa ya saci jiki ya bi abokansa ba da sanin kowa ba.

Ni dai a ganina duka biyun kuskure ne. Hana yaro kallon hawa ba ya maganin kome, sakinsa cikin taro ba a gaya masa kome ba kuma ganganci ne. Abin da ya kamata shi ne a koya mana yadda ake shiga taro, da inda ake tsayawa, da yadda ake fita, kamar dai yadda aka koya mana duba dama da hagu kafin mu ƙetare titi. Ba a bakin wani na ji wannan magana ba. A kaina abin ya faru, har saura ƙiris in koma gida ba ƙanena.

Bari in fara da dalilin da ya sa muke ɗokin wannan kallo. Mu mutanen yammacin Katsina hawan nan namu ne. Hakimin Batsari, watau Sarkin Ruma, yana hawa da jama'arsa. Hakimin Safana, watau Yariman Katsina, shi ma haka. Mahaifina mutumin Batsari ne, mahaifiyata kuwa 'yar Safana ce, saboda haka a gidanmu ba a rasa musu bayan Salla a kan tawagar wa ta fi kyan dawaki, ta Sarkin Ruma ko ta Yarima. A wurin hawa ne yaro zai ga lifidi da sulke da idonsa, waɗanda da a littafin tarihi kawai yake jin sunansu. A nan zai ji kakaki da algaita da tambari, ya ga dogarai da zagage, ya ga mahaya sun sako dawaki a sukwane sun zo sun yi turjiya suna jinjina. Sarakunan Katsina, tun daga Muhammadu Dikko wanda ya hau gadon sarauta a 1906, da Usman Nagogo, da Muhammadu Kabir Usman, har zuwa Mai Martaba Abdulmumini Kabir Usman da ya hau a 2008, an san su da son doki da riƙon wannan al'ada. A watan Disamba na 2024 ma hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. To, abin da baƙi ke tasowa daga ƙasashe masu nisa su kalla, yaya za a ce ɗan Batsari, wanda tsakaninsa da Ƙofar Soro tafiyar kamar sa'a ɗaya ce a mota, kada ya gani?

Yanzu ga abin da ya same ni. A Ƙaramar Sallar 2018, ina aji biyar na furamare, Kawu ya ɗauke ni da ƙanena, wanda a lokacin shekararsa shida. Ran jajibere muka taso daga Batsari, muka shiga birni ta Ƙofar 'Yandaka, muka kwana gidan Goggo. Da aka sauko Idi muka tsaya yawon gaishe-gaishe da karɓar goron Salla. Ko da muka isa filin Kangiwa, gaban Ƙofar Soro, wuri ya cika maƙil, ba masaka tsinke. Kawu ya samo mana wani gefe can baya, ya ce, "Ku tsaya nan kusa da ni, kada wanda ya gusa." Ni kuwa ba abin da nake gani sai ƙeyar manya da bayan rigunansu. Ina jin algaita, ina jin guɗa, amma ko kunnen doki ban hango ba. Da Kawu ya juya yana gaisawa da wani abokinsa, sai na kama hannun ƙanena na ce, "Zo mu je gaba mu ga dawakin Sarkin Ruma, yanzu za mu dawo." Muka yi ta kurɗawa ta ƙarƙashin hammatar mutane har muka kai sahun gaba. Na ji daɗi ƙwarai, ina ganin na yi dabara.

Ba mu daɗe ba sai 'yan bindiga suka saki bindigoginsu gaba ɗaya. Hayaƙi ya turnuƙe, wani doki da ke kusa da mu ya firgita ya miƙe a kan ƙafafun baya. Mutanen gaba suka ja da baya da sauri don kada ya taka su. Na baya kuwa, da suka ji bindiga sun san Sarki ya ƙaraso, sai suka danno gaba don su gani. Mu muna tsakiya. Wallahi ban taɓa jin abu irin wannan ba. Ƙafafuna suka bar ƙasa, ana tafiya da ni ba da sona ba, kamar kara a bisa ruwa. Ƙirjina ya matse, na buɗe baki in yi ihu, murya ta ƙi fita. Sabon takalmin ƙanena ya fice, ya sunkuya zai ɗauka, hannunsa ya suɓuce daga nawa. Daga nan ban ƙara ganinsa ba.

Abin duka bai wuce minti biyu ko uku ba, taron ya sassauta, kowa ya koma kallonsa kamar ba a yi kome ba. Ni kuwa kallo ya ƙare. Na lallaɓa na koma wurin Kawu ina kuka. Ya dube ni ya ce, "Ina ƙanenka?" Na kasa amsawa. Muka shiga nema, muna kiran sunansa, amma wa zai ji ka cikin wannan kiɗa da hayaniya? Sai da aka fara watsewa, bayan wajen sa'a biyu, muka same shi zaune kusa da wata mai sayar da zoɓo, wani ɗan agaji na tsaye a kansa, takalmi ƙafa ɗaya. Ashe wani dogon mutum, wanda har yau ba mu san ko wane ne ba, shi ya sunkuce shi ya aza a kafaɗa tun bai kai ƙasa ba. Allah ya saka wa wannan bawan Allah da alheri. Ɗan agajin ya ce tun ɗazu yake tambayar yaron sunan unguwar da muka sauka, ko lambar wayar wani nasa, amma ba abin da yake faɗi sai, "Ni ɗan Batsari ne."

Na zaci Kawu zai zane ni, amma bai taɓa ni ba. A mota ya ce mini, "Kai ka yi rashin ji, ni kuma na yi sakaci. Na kawo ku a makare, na tsayar da ku inda ba ku ganin kome, ban kuma gaya muku inda za mu haɗu in an rabu ba." Da muka isa gida Baba ya ji labari, ya ce 'ya'yansa da kallon hawa sun yi ban kwana. Inna ba ta ce uffan ba, ta rungume ƙanena kawai tana hawaye.

Sai ga shi a shekarar 2019 Masarautar Katsina da kanta ta dakatar da hawan Salla, saboda rashin tsaro da kashe-kashen da suka addabi ƙauyukanmu na gefen dajin Rugu. A 2020 kuma cutar korona ta zo ta hana taro ko'ina. A waɗannan shekaru muka ɗanɗana Salla ba hawa: a ci tuwo, a sa sababbin kaya, a zauna ana kallon juna. Har Baba na ji shi wata rana yana gaya wa abokinsa cewa Salla ba doki kamar miya ce ba gishiri. Tun daga lokacin na fara tunanin cewa lalle akwai wata hanya tsakanin hani da ganganci.

Da na shigo wannan makaranta, malaminmu na lissafi ya nuna mana wani abu da ya bayyana mini abin da ya faru da ni a Kangiwa. Muna darasin auna fili, sai ya ɗauki alli ya zana murabba'i a ƙasa, mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Ya ce mutum biyu su shiga. Suka shiga, suna juyawa yadda suka ga dama. Ya ƙara biyu, kafaɗa ta fara gogar kafaɗa. Da suka kai shida ba mai iya ɗaga hannu ya sosa kai, in ɗaya ya motsa sai duka su yi tangaɗi. Aji ya fashe da dariya, ni ban yi ba. Malam ya ce masu nazarin taro sun nuna cewa daga mutum biyar a irin wannan murabba'i haɗari ya fara. In an kai shida ko bakwai kuwa, ba wanda ke da iko da ƙafafunsa, taron ya koma kamar ruwa, turawar da aka yi can baya sai ta ratso ta iso gaba da ƙarfin mutane da yawa.

Ya kuma gyara mana wani kuskure. Mu da mun ɗauka tattakewa ce ke kashe mutane a turmutsitsi. Ashe yawancinsu rashin numfashi ke kashe su, wasu ma suna tsaye rai ke fita. In an matse ƙirji gaba da baya, duk sa'ad da mutum ya fitar da numfashi sai wurin ya ƙara tsukewa, ya kasa jawo wani, cikin 'yan mintoci sai ya suma. Yaro ya fi kowa shiga haɗari, domin gajere ne, fuskarsa na nutsewa cikin rigunan manya, ba a ganinsa, haƙarƙarinsa kuma bai yi ƙwari ba.

Kada wani ya ce tsoratarwa ce kawai nake yi. Iyayenmu ba su manta da abin da ya faru a Mina ran 24 ga Satumba 2015 ba, inda ayarin alhazai biyu suka yi karo a mahaɗar hanya wajen zuwa jifan Shaiɗan. Hukumomin Saudiyya sun ce mutum 769 suka rasu, lissafin da kamfanonin labarai suka tattara daga ƙasashe kuwa ya wuce 2,000. Cikinsu akwai 'yan Nijeriya da yawa, har da shahararriyar 'yar jaridar nan Hajiya Bilkisu Yusuf. A birnin Abidjan na ƙasar Kwaddibuwa, daren shiga shekarar 2013, an gama kallon wasan wuta na sabuwar shekara, jama'a na komawa gida, aka yi turereniya kusa da babban filin ƙwallo, kimanin mutum 60 suka mutu, da yawansu yara. A garin Akashi na ƙasar Japan, a watan Yuli na 2001, masu zuwa kallon wasan wuta da masu komawa suka cushe a kan wata gadar ƙafa, mutum 11 suka rasu, tara daga ciki yara ne. Nan gida kuma, a Ibadan, ran 18 ga Disamba 2024, yara 35 suka mutu a wurin wani bikin yara da aka yi alkawarin rabon kyauta.

In ka duba waɗannan duka za ka ga sun yi kama da juna. Akwai matsattsen wuri, ko gada, ko ƙofa, ko mahaɗar hanya. Akwai jama'a biyu da suka fuskanci juna, ko kuwa na baya da ke turowa ba su san halin da na gaba ke ciki ba. Sannan sau da yawa abin yakan faru ne wajen shiga ko wajen watsewa. Wanda ke turawa daga baya ba mugu ba ne, bai ma san ana mutuwa ba, shi dai gaba yake so. Ni ma da na ja ƙanena muka kutsa, gaba nake so. Saboda haka in ana maganar taro kada mu riƙa nuna wasu da yatsa. Taron nan mu ne.

To, 'yan'uwana ɗalibai, ga abin da na koya, wanda nake ganin ya kamata kowa ya riƙe.

Na farko, shiri tun daga gida, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kada babba ɗaya ya kwashi yara biyar ko shida, hannu biyu gare shi. Kowane ƙaramin yaro a rubuta sunansa, da sunan mahaifinsa, da garinsu, da lambar wayar mutum biyu a takarda, a sa masa a aljihu. A yanke wurin haɗuwa in an rabu, wuri sananne wanda ba ya cikin cunkoso, kamar gindin hasumiyar Gobarau ko ƙofar gidan da aka sauka, a kuma faɗi lokaci. Kada a dogara da wayar hannu kaɗai, don a cikin babban taro kira yakan ƙi shiga, in ya shiga ma ba ka jin abin da ake faɗi. A sa takalmi mai kama ƙafa, silifa da takalmi mai tsini na zaman gida ne. 'Yan'uwana mata su lura da mayafin da ke jan ƙasa, maza kuma da hannun babbar riga, don in aka taka sai mutum ya faɗi. A ci abinci, a riƙe ruwan sha, kuɗi kuwa a ɓoye su a aljihun ciki saboda 'yan sane.

Na biyu, a yi sammako a zaɓi wuri. Wanda ya isa da wuri shi ke zaɓe, wanda ya makara kuwa sai kutse. In ka isa, kafin ka dubi doki, dubi ta inda za ka fita, ka tabbata kana da hanya biyu. Kada ka tsaya jikin bangon da ba mafita, ko bakin ƙofa, ko bakin lungu, ko gefen lambatu. Ka nisanci inda dawaki ke turjiya da inda 'yan bindiga suke, kada kuma ka taɓa tsayawa bayan doki. Hawa reshen itace ko tsohuwar katanga shi ma neman rauni ne. Abin da mutane ke mantawa shi ne, hawa tafiya ce mai tsawo. Dawakin da za su isa Ƙofar Soro su ne dai ke wucewa ta kan titi, kuma mai tsaye a gefen titi inda ba cunkoso yakan ga adon doki da na mahayi fiye da wanda ake matsewa a bakin fada.

Na uku, ka san alamar haɗari tun bai iso ba. In ka ji ana taɓa ka ta gaba da baya da dama da hagu, in ka kasa ɗaga hannu ka shafa fuskarka, in ka ji taron na tangaɗi kana binsa ba da niyya ba, to lokacin fita ya yi. Fita a sa'an nan, tun kana iyawa. Mu samari muna da wata wauta, muna ganin ja da baya ragwanci ne, kada abokai su yi mana dariya. Gara su yi maka dariya da su ɗauko ka a kafaɗa.

Na huɗu, in har ka riga ka shiga tsakiya, abu mafi muhimmanci shi ne kada ka faɗi. Ka buɗe ƙafafu kaɗan, ka ɗaga hannuwa gaban ƙirji kamar ɗan dambe, don ka samar wa huhunka wurin numfashi. Kada ka yi kokawa da taro, ya fi ƙarfinka. Bi shi inda ya nufa, duk sa'ad da ya ɗan sassauta ka riƙa zamewa gefe-gefe har ka kai baki. Kome ya faɗi, hula ce, takalmi ne, waya ce, bar shi. Takalmi ƙafa ɗaya ya kusa raba mu da ƙanena. Kada ka ƙarar da numfashinka wajen ihu. In kana da ƙaramin yaro ɗaga shi sama. In wani ya faɗi kusa da kai ɗago shi nan take, don inda mutum ɗaya ya faɗi nan sauran ke zubewa. In kai ne ka faɗi ka kasa tashi, kwanta ta gefe, ka naɗe ƙafafu, ka kare kanka da hannu.

Na biyar, kuma wanda ya fi shafarmu, shi ne watsewa. Mu mutanen Batsari da Safana muna da wani dalilin gaggawa da 'yan birni ba su da shi. Saboda halin da hanyoyinmu suka shiga a shekarun nan, kowa na so ya kama mota ya isa gida da sauran rana. Wannan tsoro gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma shi ke sa mu tashi gaba ɗaya mu nufi hanya ɗaya, mu je tasha kuma mu yi ta kokawa a ƙofar mota. Maganinsa shi ne a yanke shawara tun farko. Ko dai a haƙura da ƙarshen kallo a fita kafin a tashi, ko a nemi inuwa a zauna rabin sa'a har hanya ta sarara, ko kuwa a shirya kwana a birni a taho da safe. Sauri ya haifi nawa.

Na san akwai masu cewa duk wannan surutu ne, abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Gaskiya ne, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma malamanmu na addini sun karantar da mu cewa ana ɗaure raƙumi ne sannan a yi tawakkali. Mai wannan magana ma yana kulle shagonsa da dare, yana kuma kai ɗansa asibiti in zazzaɓi ya kama shi. Akwai kuma masu cewa a zauna gida a kalla a talabijin ko a waya. Wannan ya dace da tsofaffi, da masu ciki, da marasa lafiya, da yaran da ba su kai shekara biyar ba. Amma saurayi ɗan shekara goma sha biyar, in ka hana shi yau, gobe zai tafi ba ka sani ba, kuma zai tafi ba takarda a aljihu, ba wurin haɗuwa, ba wanda ya gaya masa kada ya sunkuya. Wanne ya fi, ya ku iyayenmu?

Ba kan 'yan kallo kaɗai nauyin yake ba, tsari ma yana da nasa aiki. Bayan turmutsitsin da aka yi a wurin jifa a watan Janairu na 2006, wanda ya ci rayuka fiye da 300, Saudiyya ta rushe tsohuwar gadar Jamrat ta gina sabuwa mai hawa-hawa, hanyar shiga daban, ta fita daban, aka kuma raba wa alhazai lokacin jifa. Alhazan garinmu da suka je kafin gyaran da bayansa sun shaida bambancin. A Amurka kuma akwai wani babban wurin shaƙatawa da ake kira Disneyland, wanda aka buɗe a 1955, inda dubban mutane ke taruwa da dare kallon wasan wuta. Ma'aikatan wurin sukan shata hanyoyin wucewa da igiya, ba a barin kowa ya tsaya a cikinsu, sannan kantunan da ke bakin ƙofa sukan ci gaba da ciniki bayan an tashi, don kada kowa ya nufi ƙofa lokaci ɗaya. Ba wani sihiri a ciki, igiya ce da ma'aikata da tunani.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon shugabanninmu da su ƙara a kan ƙoƙarin da dogarai da 'yan sanda da 'yan agaji ke yi. A ja igiya tsakanin dawaki da 'yan kallo. A bar hanyar wucewa wadda ba a tsayawa a cikinta. A keɓe gefe guda don mata da ƙananan yara. A kafa rumfa ɗaya mai tuta da lasifika inda za a riƙa kai yaran da suka ɓata, a sanar da ita a rediyo tun ana saura kwana uku Salla. A ajiye ruwan sha da motar asibiti a inda za ta iya fita.

Mu ma a makarantar nan akwai abin da za mu iya. Ina ba da shawara, a taron safe na ƙarshe kafin hutun kowace Salla, a ɗauki minti goma a zana murabba'in nan na alli a gaban kowa, a gwada, a kuma nuna yadda ake kare ƙirji. Kowane ɗalibi ya koma gida ya koya wa ƙannensa. Wannan ilmi kuwa amfaninsa bai tsaya ga hawan Katsina ba. Zai yi mana aiki a masallacin Idi na Batsari da na Safana, da kasuwar Batsari ran Alhamis, da filin ƙwallo, da taron siyasa, da wurin rabon kayan tallafi, har ma da ƙofar ɗakin cin abinci in an kaɗa ƙararrawa.

Bayan an dawo da hawa na roƙi Baba ya bar mu mu koma. Ya ce, "Me ya canja?" Na zauna na lissafa masa duk abin da na rubuta a nan. Ya yi shiru, can ya ce, "To, ku je da Kawunku, amma ƙanenka amana ne a hannunka." Inna da kanta ta rubuta takardar ta sa masa a aljihu, ko da yake ya girma ya haddace lambar. Muka yi sammako, muka sami gindin wata bishiya a gefen titi, da lungu a bayanmu mai ɓullewa wata unguwa. Muka ga tawagar Yarima, muka ga ta Sarkin Ruma, muka ga Sarki a ƙarƙashin laima. Ba mu ga jahin da aka yi a Ƙofar Soro ba, wannan kam mun rasa shi. Da aka tashi muka zauna muka sha fura har hanya ta sarara. Da muka koma gida aka ɗora musun nan na dawakin Ruma da na Safana daga inda aka tsaya, ni ina bayan Baba, ƙanena yana bayan Inna.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya kare mu daga tsautsayi da asara, ya maimaita mana Salla cikin ƙoshin lafiya. Amin.